Amsa ga mai gonar Bagwai kan rubuta lissafi saboda haraji

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana zaune a Kano, gonarka tana wajen Bagwai, babu wutar NEPA sai sola da rijiyar burtsatse, ga kaji ga awaki, kana tambayar abin da za ka nuna idan maganar haraji ta taso. Na daɗe ina irin wannan noma a yankin Kura, ga abin da na sani.

Rashin wuta ko nisan gona ba ya fitar da kai daga lissafi. Harajin mutum jihar da yake zaune ce ke karɓa, mu nan hukumar tara haraji ta jihar Kano, wato KIRS, kuma ana miƙa bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen Maris. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba a cire mata komai. Kuma riba ake dubawa, ba duk kuɗin da ya shigo hannunka ba. Wanda bai rubuta abin da ya kashe ba, da me zai nuna ribar tasa kaɗan ce?

Rasit na taki, iri, maganin feshi da abincin kaji mai sauƙi ne, ka nema a shago. Na sola da injin ban ruwa ka adana daban, waɗannan jari ne, ba a haɗa su da kashe-kashen yau da kullum.

Inda aikin yake shi ne ƙwadago. Mai huɗa, masu noman fari da maimai, matan da ke sussuka, babu mai ba ka takarda. To kai za ka yi ta. Littafi mai kauri guda, a ranar da aka yi aikin ka sa kwanan wata, sunan shugaban ma'aikatan, aikin da kuɗin, ya sa hannu ko ya dangwala. In da hali ka tura masa ta banki, shaidar ta zama biyu. Don Allah kada ka bari sai kaka ta yi ka zauna tunowa, wallahi rabi zai ɓace.

Ranar kai kaya kasuwar Dawanau ko ta 'Yankaba ma haka: buhu nawa, farashi, la'adar dillali, kuɗin mota da na lodi. Buhunan da suka shiga gida don ci, da na zakka, da na 'yan'uwa, su ma a rubuta a shafinsu, domin in an haɗa su da abin da aka sayar su yi daidai da yawan girbi. Kajin da suka mutu ka ɗauki hoto.

Ka buɗe wa gonar asusun banki nata, kada kuɗin cefane ya cakuɗu da na taki. Littattafan kuma a ajiye su shekara 6, a gida cikin gari, don gara da ɗigar damina ba sa barin takarda a ɗakin gona.