Balas ko albashi: direban tasi ma'aikaci ne ko mai zaman kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina jan tasin wani Alhaji, ina lodi daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa zuwa cikin gari, wani lokaci in samu shata. Kullum ina kai masa balas naira 12,000, mai daga aljihuna, abin da ya rage nawa. Abokina ya ce tunda mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000, dole Alhaji ya riƙa biyana, in ya ƙi in kai shi kotu. Ga kuma wani yana son ba ni mota in riƙa biya kaɗan-kaɗan har ta zama tawa. Wanne zan kama? Daga wani direba a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka gaida abokinka, amma kada ka ba lauya ko sisi a kan wannan magana.

Rabin zancensa gaskiya ne. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan 70,000, gwamnatin Kaduna ma ta yanka wa ma'aikatanta 72,000. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyaran, ta tsame wasu: duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya da kamasho. Alhaji mai mota biyu ko uku bai shiga lissafi ba. Ko da alƙali ya yarda kai ma'aikacinsa ne, wannan ƙofa a rufe take.

To, ma'aikacin nasa ne kai? Kotu ba ta kallon sunan da kuke kiran juna, yadda ake zaman take dubawa. A shari'ar Shena Security da Afropak ta 2008, Kotun Ƙoli ta jero abubuwan da ake aunawa: albashi ake biyanka ko ladan aiki, wa ya kawo kayan aiki, an yanka maka lokacin fita da tashi, kana iya sa wani ya yi a madadinka? Ka auna kanka. Mota ta Alhaji ce, wannan kaɗai ke gefenka. Amma babu wanda ke ce maka ka fito da asuba. Ranar Juma'a kana iya miƙa wa ƙanenka makulli. Ranar da jirgin Abuja ya makara, ka wuni a Rigasa fasinja biyu kacal, Alhaji ba ruwansa, da magariba 12,000 ɗinsa yake jira. Kuɗin ma daga hannunka suke zuwa nasa. Wannan zama ya fi kama da haya: ka hayi mota kana sana'arka.

Na san inda abokinka ya jiyo labarin. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce direbobin Uber, kamfanin tasin da ake kira ta manhajar waya, sun cancanci mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu, domin kamfanin ne ke yanka kuɗin mota, shi ke rubuta sharuɗɗa, yana kuma hukunta wanda ya cika ƙin ɗaukar fasinja. A nan gida, wasu direbobin manhaja sun gwada a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Legas, a 2018 aka kori ƙarar saboda ba su kawo isassun hujjoji ba. Su ma da ke da kamfani a kansu ke nan, balle mai balas.

Abin da ya fi damuna da zamanka ba albashin ba ne, haɗari ne, Allah ya kiyaye. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mai balas in ya karye, sai dai 'yan'uwa da 'yan tasha su yi karo-karo.

Don haka ni dai na fi karkata ga motar biya kaɗan-kaɗan. Tunda asarar duk a wuyanka take, gara ribar ma ta zama taka. Amma kada zumuɗi ya kwashe ka. Ka kai motar kasuwar Panteka wurin bakaniken da ka yarda da shi, ba na mai motar ba, ya duba inji da giya. Ka haɗa jimillar abin da za ka biya ka gwada da farashinta a kasuwa. Sannan a rubuta, da shaidu: in ka yi rashin lafiya mako biyu me zai faru, bayan fashin biya nawa ake karɓe mota, in an karɓe ina makomar abin da ka riga ka zuba, kuma yaushe takardu za su koma sunanka. A nan ake cin mutane, saura wata uku a gama a zo a ɗauke mota a kan fashin mako ɗaya. In ya ƙi a rubuta, ka zauna wurin Alhajinka.

Tambaya: Na sayi tasi na ba wani direba. Duk abin da ya samu yana kawo mini, ni nake zuba mai, ina biyansa duk wata. Shekara biyu da rabi ke nan, yanzu ina son sallamarsa. Akwai abin da yake bina? Daga wata Hajiya a Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya, naki daban ne. Motarki, manki, albashin wata: wannan ma'aikacinki ne sak, duk da 70,000 ba ta hau kanki ba. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar a ba shi notis na mako biyu a rubuce, ko a biya shi kuɗin kwanakin, haɗe da duk albashin da bai karɓa ba. Wanda za ki ɗauka a gaba kuma, ki ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin ya cika wata uku.