Kafin ka tura tsoffin sulallanka ƙasar waje a sa musu maki

Wani ɗan kasuwa mai harkar azurfa da zinare a Kano ya aiko da tambaya. Ya ce yana da gwangwani cike da tsoffin kuɗi da ya tsame daga kayan da ake kawo masa na narkarwa: sulalla da dala na zamanin Turawa, kwabbai masu huji, liyari (babbar tsabar azurfa ta Ostiriya) da dama, da fam na zinare guda uku. Wani mai saye a Ingila ya ce masa ba ya karɓar komai sai wanda kamfanin PCGS ko NGC ya tantance ya rufe a gidan roba. A gefe guda kuma wani dillali na yi masa tallar tsabar da aka riga aka rufe. Yana son ya san ko maganar waɗannan kamfanoni abin dogaro ce, kuma ko kuɗin da zai kashe zai dawo.

Alhaji, abu biyu kamfanonin nan suke sayar maka, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne shaidar cewa tsabar ta gaske ce, ba jabu ba. Na biyu shi ne maki, wato lambar da ke nuna yadda tsabar ta tsira daga gogewa da ƙarzuwa. A kan na farko za ka iya jingina sosai. Na biyun ra'ayi ne na ƙwararru, ra'ayin da kasuwa ta yarda ta biya kuɗi a kansa, amma dai ra'ayi.

Harkar a Amurka ta samo tushe. Ƙungiyar masu tara tsabar kuɗi ta ƙasar ce ta buɗe ANACS a 1972 domin bambance na gaske da jabu. PCGS ya zo a 1986 a Kalifoniya, shi ya yaɗa al'adar rufe tsaba a roba mai tauri da takardar maki a ciki, NGC kuma ya biyo baya a 1987, yanzu yana Sarasota ta jihar Fulorida. Dukkansu suna aiki da ma'aunin da William Sheldon ya fitar a 1949, daga 1 zuwa 70. Tsabar da ta sha yawo a hannun mutane tana tsakanin 1 da 58. Daga 60 zuwa 70 na waɗanda ba su taɓa yawo a hannun mutane ba ne, su ake sa wa haruffan MS. A wannan zango na sama kuɗi yake, a nan kuma gardama take, domin tsakanin MS64 da MS65 farashi na iya ninkawa ko ya fi haka, alhali bambancin ɗan ƙarzuwa ne da sai da gilashin ƙara girma za ka gani.

Masu tara tsaba da suka daɗe a harkar kusan bakinsu ɗaya a kan cewa PCGS da NGC ne kan gaba wajen karɓuwa. ANACS da ICG, wani kamfanin tantancewa na Amurka, ana girmama aikinsu, kuɗinsu ma ya fi sauƙi, sai dai tsabar da ke robarsu takan yi ƙasa da farashi idan an zo gwanjo. Ƙananan kamfanonin da ba a san su ba, masu buga MS67 a kan kowane abu, ɗauki kayansu kamar ba a tantance ba sam.

Ƙorafin da ake yi wa manyan ma ba ƙarya ba ne. Akwai masu fasa roba su sake tura tsaba ɗaya sau da yawa har ta dawo da ƙarin maki ɗaya, kuma wani lokaci takan dawo da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa lambar ba awon sikeli ba ce. Tsofaffin 'yan harkar suna kuka cewa ma'aunin ya yi sako-sako da tafiyar shekaru, shi ya sa wasu ke ƙara kuɗi a kan tsabar da ke cikin tsohuwar roba ta shekarun farko. Tun 1990 hukumar FTC ta gwamnatin Amurka ta tuhumi PCGS da zuzuta daidaiton makinsa a talla, aka ƙare da sasantawa. A 2007 kuma John Albanese, wanda da shi aka kafa PCGS kuma shi ya kafa NGC, ya buɗe CAC domin sake duba tsabar da manyan biyu suka riga suka rufe, ya manna koren tambari a kan wadda ta cika makinta da kyau. Masu saye suna biyan ƙari saboda wannan tambari, wato ita kanta kasuwar ta san MS65 biyu ba lallai su zama daidai ba. CAC dai kuɗin Amurka yake dubawa, bai shafi sulallanka ba. Abin da ya shafe ka shi ne wannan: idanun masu sa makin sun fi sabawa da kuɗin Amurka, kuma masu tara tsaba a Ingila da yawa suna ganin makin Amurkawa ya fi nasu sassauci. Mai sayen naka zai duba lambar, sannan ya duba tsabar da idonsa.

Lamunin da suke bayarwa gaskiya ne, amma yana da iyaka. Idan tsabar da ke robarsu ta tabbata jabu, ko makin ya wuce ƙima, sukan biya diyya ko su saye ta, bisa farashin da su suka ƙiyasta, ba wanda ka biya ba. Da zarar ka fasa robar lamunin ya faɗi. Kuskuren rubutu a takarda ba ya cikin abin da ake biya. Tsabar tagulla kuma sharuɗɗanta sun fi tsauri, saboda launinta na iya sauyawa ko a cikin roba.

Yanzu mu buɗe gwangwanin naka, domin a nan ne za ka tsira da kuɗinka ko ka zubar da su.

Liyari kada ka tura. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba ita ce shekarar da aka buga shi ba. An ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana da Rum da Landan da Bombay da wasu wurare, ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ana bugawa a Ostiriya. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfar ciki kusan giram 23.4, kuma yawanci farashinsa bai wuce na azurfarsa da ɗan ƙari ba. Ga shi da yawa daga cikin na ƙasarmu maƙera sun huda su ko sun like musu kunne domin ado. Kwabo da ɗari da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas su ma mutane suna ruɗuwa da su saboda sarkin bai cika shekara a kan gado ba, amma an buga su da yawan gaske, ba su da tsada. Hujin tsakiyar kwabo na asali ne, ba aibi ba ne.

Inda ya kamata ka zauna ka natsu shi ne kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila na azurfa. An fara buga sule da dala da sisi da taro na azurfa a 1913, azurfa mai kyau kashi 925 cikin 1000, aka rage ta zuwa rabi a 1920, daga nan aka koma jan ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Sulen azurfa giram 5.66 ne, dala ninkinsa. Duba shekara, sannan ka nemi ƙaramin harafin gidan bugu: H na Heaton ne a Birmingham, KN na King's Norton. Shekara ɗaya, harafi daban, farashi na iya bambanta nesa. Wanda ya goge har gashin sarki ya shafe, kuɗin azurfa ne kawai. Wanda har yanzu yake da sheƙin gidan bugu, shi ne ɗan takara. Fam na zinare kuma auna shi tukuna: giram 7.98, faɗi milimita 22, zinare karat 22. Idan shekararsa ta gama-gari ce, kuɗin zinarensa ne jarinka, roba ba za ta ƙara wani abin kirki ba.

Babbar asarar da 'yan kasuwarmu ke jawo wa kansu ita ce wanki. Toka, lemun tsami, tsamiya, man goge ƙarfe, ko da tsumma ne mai laushi, duk suna barin siraran layuka da mai tantancewa ke ganowa nan take a ƙarƙashin fitila. Irin wannan tsaba za a rufe ta, amma ba lamba, sai a rubuta Details tare da sunan aibin, kuma farashinta kan faɗi ƙwarai, ga kuɗin aikin ka riga ka biya. Baƙin da ka gani a jikin tsohuwar azurfa, masu saye suna son sa. Riƙe tsaba ta gefe, sa kowace a ledarta daban, kuma ka guji leda mai laushi ta PVC, domin tana fitar da wani koren danƙo mai cin ƙarfe, balle a zafi irin namu.

Sai lissafi. Ba a turawa kai tsaye sai ka biya kuɗin zama mamba na shekara, ko ka bi ta hannun dillalin da kamfanin ya amince da shi. Matakin da ya fi araha dalar Amurka ashirin da 'yan kai ne a kan kowace tsaba, kuma yana hawa gwargwadon ƙimar da ka rubuta. A ce ka tura guda 10 a kan dala 25, ka kashe 250. A ce kuɗin mamba da na aikawa zuwa da dawowa da inshora sun ci wata 200. Kowace tsaba ta tashi a 45 kafin ka sayar da ko ɗaya, kuma jarinka zai kwanta makonni ko watanni. A ganina tsabar da ba za ta kai dala 150 zuwa 200 ba a yadda take, ba ta cancanci tafiyar ba. Domin sanin ƙimar, kada ka dubi abin da masu talla ke nema a intanet. Dubi abin da aka sayar a zahiri a gwanjon Heritage, Stack's Bowers, Spink ko Noonans, a maki iri-iri, ka yi lissafinka da makin da ya gaza wanda kake fata da ɗaya. Idan har da haka akwai riba, tura. Ƙidayar da kamfanonin ke wallafawa ta yawan tsabar da suka rufe ma a karanta ta da hankali: idan ka ga sule guda biyar kacal a wani maki, sau da yawa ma'anarsa mutane ba su damu da turawa ba ne, ba wai babu shi ba.

Tunda mai sayenka yana Ingila, NGC na da ofis a Landan da Munik, PCGS kuma a Faris, ba sai ka tura kayan Amurka kai tsaye ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka aika hotuna masu kyau na fuska biyu ga gidan gwanjo, su faɗa maka waɗanda suka cancanta, su tura da kansu su cire kuɗin daga cinikin. Kafin komai ya bar ƙasa, tambayi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ko kayan na buƙatar izinin fita, ka kuma tabbatar kamfanin aikawa na karɓar tsabar kuɗi da zinare a rubuce, domin da yawa ba sa karɓa, inshorarsu kuma ba ta rufe su.

Game da dillalin da ke maka talla, ka sani ita kanta robar ana yin jabunta, da lambar shaida ta gaske da aka kwafo. Shigar da lambar a shafin kamfanin, amma kada ka tsaya a ganin cewa lambar tana nan. Buɗe hoton da suka ajiye, ka gwada tabo da tabo, ƙarzuwa da ƙarzuwa, da tsabar da ke hannunka. Sababbin robobin PCGS suna da ɗan guntun na'ura a ciki da waya ke karantawa idan ka kara ta. Duba bakin robar ko an taɓa ɓamɓare shi an sake likewa. Idan babu hoto a shafin, kuma dillalin bai yarda da sharaɗin mayarwa a rubuce ba, saya a farashin ƙarfen da ke ciki ko ka bar masa kayansa.