Amsa: Dram a baya ko dis, wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga Corolla 2006 mai lafiya, amma kana jan ƙafa saboda birkin bayanta dram ne (ƙarfe mai kama da kwano, takalmin birki na goga shi daga ciki) ba dis ba (faifan ƙarfe da ake matsewa ta gefe biyu). Ni dai wannan ba zai hana ni saye ba.

Idan ka taka birki, nauyin mota gaba yake rinjaya, shi ya sa birkin gaba ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin, kuma can ɗin dis ne. Na baya taimako kawai yake yi. Dram rufaffe ne, ƙura da tsakuwa ba sa shigarsa da sauƙi, takalminsa kan daɗe bai cinye ba, birkin hannu ma ya fi kamawa da shi. Ko Volkswagen ID.4, motar lantarki ta zamani, dram gare ta a baya.

Inda dis ya yi masa fintinkau shi ne zafi. Dis a buɗe yake, iska na ratsa shi. Dram kuwa riƙe zafi yake yi, idan ya gasu sai ƙarfen ya ƙara faɗi, ka ji birkin ya yi zurfi. Gangaren Hawan Kibo na hanyar Jos zuwa Akwanga, da mota cike da mutane da buhuna, nan ake gane bambancin. Ka sa ƙaramin giya, kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama.

Kafin ka biya, bakanike ya cire dram ɗin ya duba. In ka ga jiƙewar man birki a gefen ƙaramar silindar ciki, a canza ta.