Kilim ɗin ɗakin Hajiya ya tsaya: in gyara ko in sayi sabo?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko mini da wannan tambaya kan kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki (kuɗin da ya ambata da jika ne, jika ɗaya sefa dubu): "Malam, kilim ɗin ɗakin mahaifiyata mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, shekararsa 9. Bara sau uku ana ɗura masa gas. Yanzu na cikin ɗaki yana hura iska amma babu sanyi, na wajen kuma sai ya yi gurnani ya yi shiru. Mai gyara ya ce kwamfaresa ta ƙone, zai canza ta a kan jika 120 har da kuɗin aiki. Na tambayi sabo an ce jika 300. Zafi ya kawo kai, Hajiya ga tsufa ga hawan jini, kuɗin da ke hannuna kuma na sarin kayan Sallah ne. A kowace jika 100 nakan samu ribar jika 10, kaya kuma kan juya sau biyu kafin Sallah. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita. Kafin ka zaro ko dala daga aljihu, ina so ka tabbatar kwamfaresar nan, wato injin da ke matsa gas a cikin akwatin waje, ta mutu da gaske. Gurnanin da ka ce na wajen yana yi ya yi shiru, ba kullum yake nufin ta ƙone ba. A cikin akwatin wajen akwai wani ɗan abu kamar gwangwanin tumatir, masu gyara suna ce masa kondansata, shi ke ba kwamfaresa ƙarfin tashi. In ya lalace sai ta yi ta yunƙuri ta kasa, ta yi zafi, ta kashe kanta, daidai abin da ka kwatanta. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. Wani mai gyara ya ɗora hannu a kan akwatin, ya girgiza kai, ya ce injin ya tafi. Har na fara lissafin kuɗi, sai maƙwabcina ya turo mini wani yaro. Yaron ya kwance murfin gefe, ya zaro gwangwanin nan ya miƙo mini: samansa ya kumbura, wani mai yana tsattsafowa ta bakinsa. Ya je ya sayo wani da kuɗin da bai kai cefanen kwana biyu ba, kafin la'asar ɗakin ya yi sanyi. Tun daga ranar ba na yarda da hukuncin da aka yanke da tafin hannu. Ka kira mai gyara na biyu, ka biya shi kuɗin dubawa kaɗai, ka gaya masa tun farko ba lallai ba ne shi zai yi aikin. Ya auna kondansata a gabanka, ya auna wayoyin kwamfaresa da na'urar awo, ya auna ƙarfin wutar da ke shigowa gidan da yamma lokacin da kowa ya kunna kayansa. In matsalar ta tsaya a kondansata, ka gyara ka gode wa Allah.

Amma akwai magana ɗaya a saƙonka da ta fi damuna, wato ɗura gas sau uku a shekara guda. Gas ɗin kilim ba fetur ba ne da ake ƙonewa. Zagayawa yake yi a cikin bututun da aka rufe ruf, kuma in babu huda zai yi shekaru bai ragu ba. Duk wanda ya ɗura maka gas bai nemi inda yake zurarewa ba, ruwa ya zuba maka a kwando. Ka duba mahaɗar bututun tagulla a bayan ɗaki. In ka ga wurin ya yi maiƙo, ƙura ta manne ta yi baƙi, nan ne. Ruwan sabulu ma yana tona shi, za ka ga kumfa na tasowa. Abin da ya sa wannan ya shafi lissafinmu shi ne gas ɗin da ke komawa cikin kwamfaresa shi ke sanyaya ta. Injin da ya shekara yana aiki da gas kaɗan, a garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ga ƙurar hunturu ta toshe masa raga, ya sha wahalar da za ta iya kashe shi. Don haka ba zan yi mamaki ba in mai gyaran farko ya faɗi gaskiya.

To, a ce ta ƙone ɗin. Ni ba zan zuba jika 120 a wannan kilim ba. Kuɗin ya kai kashi 40 cikin ɗari na farashin sabo, kuma me za ka samu? Sau da yawa kwamfaresar da ake sakawa ta hannu ce, an cire ta daga wani injin da ba ka san tarihinsa ba, babu garanti sai "in sha Allah za ta yi". Idan kwamfaresa ta ƙone takan bar datti da gurɓataccen mai a cikin bututu, in ba a wanke su sosai ba su ne za su cinye wadda aka saka. Hudar da ke zubar da gas tana nan, fanka da raga da sauran kayan kuma duk 'yan shekara 9 ne. Sannan ka je ka karanta takardar da ke manne a jikin akwatin waje. In ka ga an rubuta R22, to ka san wannan gas ɗin ana kan janye shi daga kasuwannin duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma ƙasashe irin namu an ba su zuwa 2030 su kusan daina shigo da shi. Abin da ake rage shigowarsa kuwa, kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin inda farashinsa ke dosa. Ba a kuma ɗura gas ɗin sababbin injuna, R410A ko R32, a cikin tsohon inji, domin ƙarfin matsinsu da man da suke aiki da shi daban ne.

Yanzu sai batun sabon, kuma a nan nake so ka riƙe alƙalami. Jika 300 ɗin da aka gaya maka kuɗin kwali ne kawai. Ka ɗora kuɗin kafawa, da ƙarin bututun tagulla in wanda ya zo da shi bai isa ba, da na'urar daidaita ƙarfin wuta. Sa'annan ka ɗora abin da ba a rubuta shi a rasit: a lissafin da kai ka ba ni, jika 300 in ta shiga shadda ta juya sau biyu kafin Sallah, jika 60 za ta haifa. Ke nan in ka cire kuɗin daga jari a wannan watan, ka sayi kilim ɗin da ƙarin jika 60 ba ka sani ba. Na ga shaguna da yawa da suka rame ta wannan hanya. Ba ɓarawo ya shiga ba, ba gobara ba, kawai mai shagon ne yake ɗiba daga uwar kuɗi don larurar gida, kowace ɗiba kuma da dalilinta mai kyau, har ranar da ya tashi zuwa sari ya ga kuɗin ba su kai rabin na bara ba.

Masu sayarwa za su ce maka ka ɗauki mai inbata, wato wanda injinsa ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata, zai biya kansa da ragin kuɗin wuta. Akwai gaskiya a ciki, amma kada a zuzuta maka. Tsohon kilim irin naka yana jan wajen kilowat 1.2. In ya yi awa 8 kullum, kilowat-awa 288 ke nan a wata. Ɗauko takardar kamfanin wuta NIGELEC ta watan da ya wuce, ka raba kuɗin da adadin wutar da ka sha, ka ga nawa kowane ɗaya yake zo maka. Don sauƙin lissafi a ce sefa 100, to kuɗin wata ya kama 28,800. In mai inbata ya rage maka kashi ɗaya cikin huɗu, 7,200 ke nan, a wata shida na amfani 43,200. Kuɗi ne, amma shekaru zai ɗauka kafin ya maido da abin da ka kashe. Ragin ya fi fitowa da dare, in ɗaki ya riga ya yi sanyi inji ya sassauta gudu. Da tsakar ranar Afrilu kuwa shi ma da ƙarfinsa yake aiki. Kuma ƙwaƙwalwarsa, wato na'urar lantarkin da ke sarrafa gudunsa, ba ta jure wutar da ke hawa tana sauka, in ta ƙone gyaranta da tsada, shi ya sa na sa na'urar daidaita wuta a cikin kuɗin dole. Abin da na fi so ka nema a jikin kwalin shi ne alamar T3. Wannan an ƙera shi ne don ƙasashe masu tsananin zafi, yana aiki har zuwa digiri 52, alhali mai alamar T1 iyakarsa 43, wanda a Damagaram rana ɗaya ta bazara kan iya kai shi bango.

Na san zuciyarka za ta raya maka ka haɗa da shi in ka je sari Kano, tunda canjin naira na iya sa ya yi sauƙi. Ka lissafa kuɗin mota da na kwastan, sannan ka tambayi kanka wa za ka kai wa ƙara in ya tsaya bayan wata biyu. Ni na fi son ka saya a nan gari, wurin wanda zai ba ka garanti a rubuce, wanda ka san ƙofar shagonsa. Na hannu kuwa, bar shi. Ɗakin tsohuwa ba wurin gwaji ba ne.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi: Hajiya za ta iya jira har bayan Sallah? Kai ka san jikinta, kuma zafi yana wahalar da tsofaffi fiye da yadda muke zato, balle mai hawan jini. In za ta iya, akwai mafita ta ɗan lokaci, wato na'urar nan mai sanyaya ɗaki da ruwa. A busasshiyar iskar bazara tana aiki sosai, wutar da take ci kaɗan ce, kuɗinta kuma bai kusa da na kilim ba. Sharaɗinta a bar taga a ɗan buɗe, a kuma tanadar mata ruwa kullum, wanda na san a wasu unguwannin garin nan shi ma sai an saya. In damina ta sauka iska ta yi laima, amfaninta ya ragu, amma kafin nan ka gama cinikin Sallah, ka sayi sabon kilim daga riba, ita kuma ta koma ɗakin yara ko shago.

In kuwa ka ga jikinta ba zai ɗauka ba, kada ka tsaya lissafin jika 60, saya mata yau. Sai dai ka ɗauki kuɗin a matsayin bashi. Buɗe littafin shago ka rubuta cewa gida ya ranci kaza ranar kaza, ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa mayarwa duk ranar Alhamis bayan an tashi kasuwa, kamar yadda za ka biya wanda kake jin nauyinsa. Ka rage sari a kayan da suka saba kwana a shago, ka bar masu gudu yadda suke. In kana da 'yan'uwa, ka gaya musu. Mahaifiyarku ce ku duka, kuma wani zai ji haushi in ya ji daga baya ba a ba shi damar sa hannu ba. Tsohon kilim ɗin ma kada ka bar shi a bayan ɗaki, akwai tagulla da alminiyam a jikinsa, masu gyara kuma suna sayen fankarsa da sauran kayan.

Ranar kafa sabon ka tsaya a wurin da kanka. Ka tabbatar mai aikin ya zo da injin zuƙe iska daga bututu kafin ya saki gas, domin iska da laimar da aka bari a ciki su ke fara cin kwamfaresa tun tana sabuwa. Akwatin waje a sa shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye, a bar masa sarari ya sha iska. Ka ɗora wa yaro ɗaya a gidan wanke ragar cikin ɗaki duk mako biyu, a wanke na waje bayan hunturu, kuma in an ɗauke wuta aka maido a jira minti 3 kafin a kunna. In mai gyara na biyu ya gama awonsa, aiko mini da abin da ya gani da abin da ke rubuce a jikin takardar akwatin, mu sake duba lissafin tare.