Zuwa ga jikata, a kan kunya mai tofa

Amaryata, saƙonki ya iso ina cikin karin kumallo, kuma sau uku na sa ƙaninki na nan gida ya sake kunna mini shi. Na yi dariya har kakarki ta leƙo daga madafa tana tambaya ko lafiya. Wai shin a al'adarmu ta Hausa uba yana da ikon tilasta wa 'yarsa ɗaukar darasin da ya fi ƙarfinta? Kin ce kina so ki ajiye Kalkulas na AP, wato lissafin nan mai zurfi na matakin jami'a da ake koyarwa tun a sakandare, a ajin da za ku shiga, ki ɗauki lissafi mai sauƙi don kada B ta ɓata miki jerin A ɗinki, babanki kuma ya kafe ya ce ba a gidansa ba. To, kakanninmu dai ba su bar mana hukunci a kan Kalkulas ba, abin da ya ba ni dariya ke nan. Amma da na ajiye wayar sai jikina ya yi sanyi. Tsakaninmu da jiharku ta Teksas a Amurka yanzu awa 7 ne, ke nan ƙarfe 1 na dare kina zaune muryarki na rawa a kan maki.

Bari in ba ki labarin wata gayya.

Daminar 1966 ce, na dawo hutu daga makarantar kwana, ina ɗan shekara 15, ina ji da kaina saboda na iya Turanci. Wani dattijo a ƙauyenmu ya kira gayyar huɗa a gonar dawarsa. Tun rana ba ta fito ba samari suka taru, mun haura 30, kowa da garmarsa a kafaɗa. Makaɗa sun zo da gangar noma, 'yanmata sun jera ƙwaryar fura a gindin wata ɗorawa. Gonar nan iri biyu ce. Gefen gabas jigawa ce, ƙasa mai laushi, garma na shiga kamar cikin gari. Gefen yamma ya gangara wajen fadama, laka ce mai danƙo, ga tofa ta cika ta, saiwarta ta yi saƙa a ƙarƙashi. Duk wanda ya taɓa noma ya san tofa: ka sare ta a sama, ta yanke ka a tafin hannu.

Da aka ce kowa ya kama kunya, na riga kowa gudu na tsaya a gabas. Aka buga ganga. Wallahi na yi gudu a ranar. Na kai ƙarshe na juyo na kama ta biyu, mutanen yamma ba su kai rabin ta farko ba. Makaɗi ya biyo ni yana yi mini kirari, na ji 'yanmata na guɗa, kaina ya kumbura. Wani ɗan baffana, wanda ya girme ni da shekara ɗaya kacal, shi ya kama kunyar ƙarshe ta wajen fadama. Har azahar yana can yana fama, riga ta manne masa a baya, hannu duk bororo ya fashe, ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure. Ba wanda ya yi masa kiɗa.

Da aka tashi, Sarkin Noma ya zauna a gindin ɗorawar da kwandon goro. Na matsa kusa. Ya raba wa kowa ɗaya-ɗaya, ni ma ya miƙo mini ɗaya ko kallona bai yi ba. Sannan ya aika aka kira ɗan baffan nan nawa, ya kama hannunsa ya kwance tsumman ya duba, ya zuba masa goro biyar a aljihu, ya ce da mai gonar, in kana neman suruki ga shi nan. A hanyar gida na kasa haƙuri, na ce da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ai ni na fi kowa kunyoyi. Ya daɗe bai amsa ba. Sai da muka zo bakin zaure ya ce, "Makaɗi ƙura yake gani, Sarkin Noma ƙasa yake gani. Tun kafin a buga ganga ya ga inda kowa ya tsaya."

Kin ga, da na ji maganar nan da kunnen basira, da rayuwata ta bi wata hanya. Shekara ta zagayo aka ce mu zaɓi darussan da za mu rubuta a jarrabawar fita. Akwai ƙarin lissafi mai zurfi, muna ce masa Adishinal, ajin bai cika mutum 10 ba. Na ji tsoron ya jawo mini faɗuwa daga Dibishin Wan, wato sakamako mafi daraja, na guje shi. Na samu Dibishin Wan ɗin kuwa, aka yi murna a gida. Amma da na nemi karatun injiniya, wanda shi ne burina tun ina ganin masu auna titi, sai aka duba takardata aka ce lissafina bai kai ba. Na karanta aikin koyarwa, na yi shekara 35 ina yi, alhamdu lillahi ban ci haram ba. Sai dai har yau in na haye gada nakan dubi ƙafafunta, zuciyata ta ɗan sosu.

Manyan jami'o'in ƙasarku, yadda na fahimce su tun zamana can na digiri na biyu da kuma takardun yayanki da na bi ɗaya bayan ɗaya, idon Sarkin Noma gare su. Makarantarku ba takardar makinki kaɗai take aika musu ba. Tana haɗawa da wata da ke bayyana makarantar kanta, darussan AP nawa ake koyarwa, yadda ake lissafa maki. Malamar da ke ba ku shawara kuma tana cike nata fom, a ciki akwai gurbin da za ta nuna ko darussan da kika zaɓa su ne mafiya wuya a makarantar, ko masu wuya sosai, ko matsakaita, har zuwa ƙasa. Wato da gonar da aka ba ki ake auna ki. Yaron da makarantarsa ba ta da AP ko ɗaya ba za a tuhume shi ba. Amma wadda aka shimfiɗa wa Kalkulas a gabanta, ta ce injiniya take so, sannan ta kauce a shekarar ƙarshe, wannan za a gani.

Tsoronki kuma ba wauta ba ne, kada babanki ya ce haka. Tun 1997 Teksas take da dokar da ta ba ɗaliban da suka shiga kashi 10 na sama a ajinsu gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar, jami'ar da ke birnin Ostin ma ta matse nata kason ƙasa da haka saboda cunkoso. Saboda haka matsayinki a aji abin tsaro ne. Sai dai makarantu da yawa suna ƙara wa darasin AP nauyi, A ɗinsa 5 ce maimakon 4, har B ɗinsa takan yi daidai da A ta darasi mai sauƙi. Ki je ki tambayi malamar nan yadda taku makarantar take lissafi kafin ki ƙara hana kanki barci. Wataƙila dodon da kike gudu bai kai girman inuwarsa ba.

Shi kuma babanki ina da magana da shi. Na ji a saƙon kin ce AP 6 ya rubuta miki a shekara ɗaya. Kakata takan ce ba a tauna taura biyu, shi ga shi zai cusa miki shida. Ɗan baffan nan nawa kunya ɗaya ya kama a cikin tofa, bai ce shi zai huɗe fadamar duka ba. Abin da ke damuna da iyayen yanzu, karatun 'ya'ya ya zama kayan ado, kowa na jira ya saka a zauren WhatsApp na dangi a yi masa barka. A 2023 mutum fiye da 56,000 suka nemi shiga jami'ar Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba. Cikin waɗanda aka mayar akwai dubbai masu A tsantsa a darussa mafiya wuya. Wa zai rataya lafiyar 'yarsa a irin wannan ƙofa? Mu a da, uba in zai ɗora wa yaro kaya a ka, sai ya fara ɗagawa da hannunsa ya ji nauyin, ya naɗa masa gammo, sannan ya raka shi har bakin hanya. Yanzu an iya ɗorawa, an manta gammo.

Batun ko yana da ikon tilasta miki, hmm. Mahaifina bai tilasta mini ba, don bai san mene ne Adishinal ba, kuma sau da yawa nakan ce ina ma ya sani. Na kuma ga yaran da aka tilasta wa likitanci suka ƙare ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Ke dai kada ki ɗaga masa murya, wannan kam al'ada ta yi magana a kansa. Ki ɗauki hoton takardar zaɓin darussan ki turo mini, ki ja layi a ƙarƙashin waɗanda kike jin daɗinsu ko da suna ba ki wuya. Ki ce da babanki ya kira ni ranar Asabar in ya idar da sallar asuba, lokacin mu nan mun kusa azahar, kuma ya zauna don maganar za ta yi tsawo. Ki gaida mamanki, ki ce mata man zafin gwiwar da ta aiko ya kusa ƙarewa. Kakarki ta ce in gaya miki kishiya ba ta yarda ki sake kaiwa ƙarfe 1 ido biyu ba.