Wane bayis mai juyawa zan saya don ɗaurin ƙwaron fatsa?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara ɗaura ƙwarin yaudarar kifi da zare da gashin tsuntsu, kana neman bayis mai juyawa, wato na'urar da ke riƙe ƙugiya yayin ɗauri, amma sunaye sun yi maka yawa.

Abin da zan fara ce maka shi ne, ba duk mai juyawa ne ke yin aikin da kake so ba. Na ainihi shi ne wanda sandar ƙugiya ke zama daidai kan layin juyawa, ta yadda in ka murza hannun, ƙugiyar za ta juya a inda take ba tare da ta yi lilo sama da ƙasa ba. Da shi kake naɗa gashin zakara ko siririyar waya a jikin ƙwaron, naɗin ya fito sumul, ka kuma leƙa cikinsa ba ka cire ƙugiya ba. Renzetti Traveler da Peak Rotary, dukansu ƙirar Amurka, haka suke.

Sai bakin bayis ɗin, wato wurin da ke matse ƙugiya, kuma a nan ne na fi so ka natsu. Matse ƙugiya, ka danna ta da yatsa. In ta zame, bar shi komai kyansa. Ka tuna lambar ƙugiya a juye take: 18 ƙarama ce ƙwarai, 2/0 kuwa babba, don haka duba ko bakin yana riƙe girman da kake amfani da shi.

Gindi kuwa, ni na fi son mai matse gefen tebur, don ba ya motsi in ka ja zare da ƙarfi. Mai faifan ƙarfe ya fi daɗi in teburinka yana da kauri sosai.