Kafin ka taɓa tsohon hoto

Tambayarka ita ce, idan aka kawo tsohon hoto gyara, me zai hana ka share duk wani tabo, ka daidaita inda ya yi dishi-dishi, ka zuba masa kala a kwamfuta ya fito fes. To zauna, yaro, hannunka ya fi idonka sauri.

Akwai hoton da Louis Daguerre, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka ta taga a birnin Faris a 1838, na titin Boulevard du Temple. In ka gan shi sai ka rantse an watse daga garin, ba keken doki, ba mai tafiya a ƙasa. Alhali titi ne mai cunkoso. Kyamarar wancan zamani sai ta yi mintuna a buɗe kafin hoto ya kama, don haka duk abin da ke motsi ya wuce bai bar alama ba. Amma can ƙasa ta hagu ga wani mutum ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi. Tsayuwar da ya yi wuri ɗaya ce ta fito da shi. Ɗan baƙin nan, da kai aka ba, da tuni ka ce datti ne ka share shi.

Haka in ka ga kan jariri ya yi hazo a cinyar uwarsa, motsi ya yi. In ka ga wani ƙarfe na leƙowa ta bayan ƙafar mutum, gindin abin da ake tokare masa ƙeya ne don kada ya motsa. Bar su, su ne shaidar shekarun hoton.

Kala kuwa nan na fi jin tsoronka. Irin gilashin ɗaukar hoton da aka fito da shi a 1851 shuɗi yake gani sosai, ja da rawaya kuwa baƙi-baƙi suke fitowa. Shi ya sa sama take fitowa fara fat. Rigar da ka gani baƙa, wa ya gaya maka ba ja ba ce? In ka zaɓa mata launi, kai ka ɗinka ta. Takardar da ta koma ruwan ɗorawa ma, galibi irin wadda ake shafa wa farin ƙwai ce, kuma launin nan kaɗai ya isa ya sa ka fara zargin ƙarni na 19.

Ban ce kada ka gyara ba, ai da gyaran muke ci. Fara juya hoton tukuna. Hatimin mai ɗauka, suna, kwanan wata, sau da yawa labarin a baya yake. Ɗauki gaba da baya da sikana, wato na'urar kwafar hoto zuwa kwamfuta, ajiye kwafi ɗaya da ba ka taɓa ba, ka yi aikinka a kan wani. Yagewa da tabon ruwa za ka iya cikewa, amma ka faɗa wa mai hoton inda ka cike. Kuma ajiye biron nan, fensir ake sa wa bayan hoto.